Kwalbar amino asid ita kaɗai ko jaka mai gida uku?

Sista, ga mara lafiyar da aka yi wa aikin hanji kuma likita ya ce zai haura mako bai ci ba, jaka mai gida uku ta ruwan abinci da ake sa wa ta jijiya za ki nema, irin su Kabiven ko Olimel. Kwalbar amino asid (tubalan furotin) ta kashi 10 ita kaɗai ba za ta riƙe shi ba.

Ga lissafin. Kwalbar mililita 500 tana ɗauke da giram 50 na amino asid, kalori wajen 200 ke nan. Idan babu gulukos da kitse a tare da ita, jiki ƙona ta zai yi don neman kuzari, tsoka ba ta ginu ba, yuriya, dattin da ƙoda ke fitarwa, kuma ta hau a jini. Ga kauri: yawancin na kashi 10 suna kusan miliosmol (ma'aunin kaurin ruwa) 1,000 a lita, alhali jijiyar hannu ba ta jure abin da ya wuce 900. Shi ya sa za ki ga wurin kanula ya yi ja, ya kumbura, jijiyar ta taurare kamar igiya. Kwalbar tana da ranarta a inda masu haɗa magani ke auna wa kowane majinyaci nasa, iyakarta ke nan. In dole ce ta sa, kar gudun ya wuce mililita 1 ga kowane kilo a awa, wato mai kilo 70 zai ɗauki kamar awa 7 kafin kwalba ta ƙare. Gaggawa ce ke kawo tashin zuciya, amai da rawar sanyi.

Ita kuwa jakar, gulukos na gefe, amino asid na gefe, kitse fari kamar madara na gefe. Ki shimfiɗa ta a kan tebur, ki naɗo ta daga sama har shingayen su fashe, ki juya ta sau da yawa sai launin ya zama ɗaya. Kada a rataye ta shinge bai buɗe ba, don abin da ke gida ɗaya kawai zai shiga jikin mutum. Ki duba rubutun jikinta, akwai ta jijiyar hannu, akwai wadda sai ta babbar jijiya. Layinta nata ne ita kaɗai, ba a tura wani magani ko jini ta ciki. A sa matata mai ramuka maikiron 1.2, a yi amfani da famfon auna gudun ruwa, kuma jaka da robarta su sauka cikin awa 24 ko da saura. Babu bitamin da ƙananan ma'adanai a cikinta, sai an ƙara. Ki tambayi ko ƙwai, waken soya, gyaɗa ko kifi na tayar wa majinyacin da borin jini.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya daɗe da yunwa. Da gulukos ya shiga, insulin na kora fosfet, potasiyam da magniziyam cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice. A auna su tukuna, a ba da tiyamin (bitamin B1), a fara da kamar kalori 10 ga kowane kilo a rana. Sukari kuma a riƙa duba shi duk awa 6 a farkon kwanaki, tare da gwajin ƙoda da hanta.

Ki ja wa dangi kunne kan masu sayar da wannan ruwa da sunan ƙarin ƙarfi. Wanda ke ci da bakinsa ba ya buƙatarsa. Wasu na manna sabuwar ranar ƙarewa a kan tsohuwa, wasu kayansu sun sha rana, alhali ƙasa da digiri 25 ake ajiye shi. Ruwan da ya yi duhu ko gurɓi, ledar waje da ta yage, kitsen da mai ya taso a samansa, duk a mayar musu. Ranar da hanjin ya fara motsi kuma, ki tuna wa likita batun abinci ta bututun hanci.