Maƙalin alkyabbar Rumawa: na asali za ka saya ko kwaikwayo?

Rumawan dā ba su san maɓalli a kan mayafi ba. Soja ko hakimi yakan yafa bargon ulu mai kauri, ya haɗa bakinsa biyu a kafaɗar dama da wani maƙali da suke kira fibula, hannun dama ya zauna a sake don riƙe takobi. Aikinsa ɗaya da fil ɗin da mata ke kama gyale da shi: allura, da baka mai lanƙwasa, da ɗan kwarin da bakin allurar ke kwanciya a ciki.

Kafin ka taya, ka san wane iri kake nema. Akwai Aucissa ta ƙarni na 1, wadda sojoji suka yaɗa, sunan maƙerinta a buge a kanta. Akwai mai zobe da ɗan giɓi, wadda ake soka allura sannan a juya zoben ya kulle. Sai wadda ta fi burge ni, mai siffar kwari da baka da ƙulli uku kamar albasa, ta ƙarni na 4 da na 5, wadda ta zama alamar muƙami. Duba hoton Justinian, sarkin Rum ta Gabas, a cocin San Vitale da ke Ravenna a Italiya, za ka ga irinta a kafaɗun fadawansa.

Na asali suna da yawa a kasuwa, don ana ta tono su a Ingila da ƙasashen Balkan, kuma ƙananan na tagulla ba su kai tsadar da mutum zai zata ba. Sai dai akwai jabu, akwai kuma na sata. Kada ka biya sisi sai dillali ya nuna maka takardar da ta faɗi hannun wa abin ya fito da kuma yaushe; masu tara kayan tarihi sun fi natsuwa da wanda aka san tarihinsa tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ba bisa doka ba. Ka lura da tsatsar ma. Kore mai duhu, mai santsi, wanda ya kama jiki, shi ne lafiyayye. In ka ga kore fari-fari yana zuba kamar gari, cuta ce ke cin tagullar, kuma ba ta tsayawa da kanta. Maƙalin da ya shekara kusan 2000 a ƙasa kuwa ba na sakawa ba ne. Allurarsa ta gaji, raina yakan sosu in na ga an karya ta a jikin bargo.

In don sakawa ne, ko wasan kwaikwayo, ko koyarwa a aji, sayi kwaikwayo hankalinka kwance. Mafi arha su ne na kuza da makamantanta, suna da kyau a hoto amma allurar takan lanƙwashe a sakawar farko. Ƙara kuɗi ka ɗauki na tagulla da aka zuba da kaki, a ce an ƙera allurar daban da guduma. Riƙe shi a hannu, ka danna allurar da babban yatsa: ta kirki takan yi tsalle ta koma kwarinta, ka ji ɗan ƙas. Shafa bayansa kuma, in akwai kaifin zubi zai yage maka yadi.

Ka tambayi tsawonsa da santimita, don hoto yana ruɗi. Ƙaramin maƙali ba zai ɗauki ninki biyu na ulu ba. Ga mai fara saye ni dai mai zoben nake zaɓar masa, don ba shi da waya mai nannaɗe da za ta saki. Maƙerin kirki kuma yakan faɗi a wane gidan tarihi asalin da ya kwaikwaya yake, ya buga alamarsa a baya don kada gobe wani ya sayar da shi a matsayin na dā.