Jera ɗigo a kan kwana: wace manhajar zane ce ta cancanci kuɗinka?

Duk manhajar zanen da aka kawo min talla, aiki ɗaya nake fara gwada ta da shi. Ga titi mai kwana, ɗan kwangila yana son turken fitila duk bayan mita 20. A miƙaƙƙen layi ko yaron da ya zo koyon aiki jiya zai yi. Kwana ce ke tona asiri.

Tazara a kwana iri biyu ce: wadda ke bin lanƙwasar, da wadda ke yankewa kai tsaye kamar an ja igiya. Idan daga tsakiyar da'irar zuwa bakin titi mita 50 ne, ka bi lanƙwasa mita 20, igiya za ta ba ka mita 19 da santimita 87. Santimita 13 ba ta cika ido, amma tara ta sau goma ka gani. Ni na gani. Ina sabon hannu, na riƙa zana da'ira ina taka kwana da ita, ashe igiya nake aunawa. Fegi na ƙarshe ya faɗa bakin kwalbati. Safiyo ya dube ni ya ce, "Malam, a cikin ruwa za mu kafa shi ne?"

AutoCAD, da kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982, shi ne uban gayya, umarninsa sauran suke kwaikwayo. Umarnin DIVIDE yana raba layi gida-gida daidai da adadin da ka ba shi. MEASURE kuwa tazara kake ba shi, ya bi lanƙwasar yana ajiye ɗigo inda kowane turke zai tsaya, ragowar ta tsaya a ƙarshe. Yana farawa ne daga bakin da ya fi kusa da inda ka danna, don haka ka lura da hannunka. Idan ka gama ba ka ga komai ba, kada ka tsine wa kwamfuta, buɗe PTYPE ka sauya siffar ɗigon. Aikinsa ba makusa. Matsalar ita ce tun 2016 suka daina sayar da lasisin dindindin, sai haya, kuma da dala ake lissafinta.

Ni dai BricsCAD nake riƙe da shi, ba na ɓoyewa. Na kamfanin Bricsys ne da ke birnin Gent a Beljiyam, wanda Hexagon, masu na'urorin awo na Leica, suka saye a 2018. Yana buɗe DWG, wato fayil ɗin zanen AutoCAD, kai tsaye, MEASURE da DIVIDE suna nan da sunayensu, wanda ya koyi AutoCAD a BUK ko Poli ba sai ya koma aji ba. Maimakon ɗigo za ka iya cewa ya jera maka alamar turken kanta, tana juyawa tana bin kwanar. Ko ƙaraminsa, Lite, yana karɓar LISP, yaren rubuta wa manhajar ƙananan umarni, da shi nake fitar da lambobin da ke nuna inda kowane ɗigo yake in miƙa wa safiyo ya loda a na'urarsa, ba kwafar hannu. Uwa uba kana iya biya sau ɗaya ya zama naka, kuma suna ba da kwana 30 na gwaji.

ZWCAD na birnin Guwanzu a Sin ma yana yi, ba laifi. DraftSight ya daina zama kyauta tun 2019. LibreCAD na ɗan koyo ne. QGIS kyauta ne kuma yana jera ɗigo a kan layi, sai dai na taswira ne, ka tabbatar ka sa shi a UTM, tsarin taswira mai awo da mita, shiyya ta 32 da Kano take ciki, in ba haka ba da digiri zai auna maka.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Wani shago a cikin gari ya taɓa ɗora min "cikakken kaya" a farashin kwanon abinci. Wata biyu yana aiki lafiya lau. Ranar da zan miƙa zane ya kulle, fayiloli uku suka ƙi buɗuwa, riga-kafin kwamfutar kuma tun ranar ɗorawa aka kashe shi. Araha ba ta ado.

Duk wanda ya ce zai sayar maka da sabon AutoCAD "na har abada", jabu ne, masu shi ma ba sa sayar da irinsa. Wasu lasisin ɗalibai suke sayarwa, alhali kyauta ake ba ɗalibi, kuma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Wasu lamba ɗaya suke raba wa mutum goma. In an ce maka kada ka kuskura ka hau intanet da shi, an gama gaya maka gaskiya. Lasisin ƙwarai da sunanka da imel ɗinka yake zuwa, ka shiga shafin kamfanin ka gan shi da idonka, sannan ka tura kuɗi.

Ranar saye ka tafi da filashinka. Zana baka, wato yankin da'ira, mai nisan nan na mita 50 daga tsakiya, ka ba MEASURE 20, sai ka auna kai tsaye tsakanin ɗigo biyu. Ya kamata ka ga 19.87.