Manhajar ƙamus ɗin nan da kalmar deliquescent

Wata uku ke nan da na biya kuɗin manhajar ƙamus ɗin nan na Turanci da Hausa da ake ta tallarta a Facebook, saboda ƙanwata da ke SS3 tana shirin WAEC. Da farko gaskiya na ji daɗinta, ko ba data tana buɗewa, kuma tana furta kalma ka ji yadda ake faɗa, har na tura wa mutum biyu a unguwarmu nan Dorayi na ce su sauke. Kalma ɗaya ce ta fara ɓata min rai, deliquescent.

Ranar nan yarinyar ta dawo daga makaranta ido ya yi ja, ta miƙo min takardar gwaji malamin kemistiri ya zabga mata jan biro. An ce su faɗi ma'anar kalmar su kawo misali, ita kuma ta rubuta abu mai narkewa, misali ƙanƙara. Ta ce Yaya wallahi abin da ke cikin wayarka na haddace. Na buɗe na duba, haka ne kuwa, "mai narkewa" kawai aka rubuta, ba bayani ba misali, ita ta ƙaro ƙanƙarar da tunaninta, kuma ina laifinta?

Alhali ƙanƙara zafi ne ke narkar da ita. Deliquescent kuwa shi ne abin da ke zuƙo danshin iska da kansa, ya yi ta zuƙa har ya narke a cikin ruwan da ya jawo, ba wuta ba rana. Asalin kalmar daga Latin ne kuma can ɗin ma'anarta narkewa ce, to da alama nan masu manhajar suka tsaya. Muna cikin maganar Umma na tsakar gida tana jin mu, ta ce ai wannan sodar sabulu kuke faɗa. Ita sana'arta ke nan, tana sayo soda a Sabon Gari, kuma da damina cikin Agusta ta taɓa manta robar a buɗe, kafin kwana biyu ɓarɓashin nan fari ya jiƙe ya yi danƙo, ruwa ya kwanta a ƙasan robar mai santsi, in ya taɓa hannu sai ya ci fata. Shi ya sa take ɗaure ta a leda biyu. Wannan sodar ita ce sodium hydroxide, misalin farko da ke cikin littafin kemistirin su ƙanwata, sai calcium chloride. Abin yana cikin gidanmu shekara da shekaru, amma manhajar da na biya wa kuɗi ta kasa faɗa mana.

Har na ce to kuskure ɗaya ne, bari in ba su tauraro uku, sai na duba 'yan uwan kalmar. Hygroscopic sun ce "mai jiƙa". Shi kuma yana shan danshi ne amma ba ya narkewa, kamar 'yar ƙunshin silica gel da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma bambancin nan ne dai ake yawan tambayar yara a jarrabawa. Efflorescence ma sun ce fitar fure. E akwai wannan ma'anar a Turanci, amma a kemistiri akasin deliquescence ne, abu ya saki ruwan jikinsa ya koma gari, kamar washing soda, wato sodar wanki, mai kason ruwa 10 a jikinta da ke zubar da 9 in ta sha busasshiyar iska irin ta hunturun Kano. Ko layi ɗaya ba su sa a kai ba, kuma a tallarsu ɗalibai suka ce sun yi wa.

Na rubuta musu saƙo ta cikin manhajar har da hoton takardar yarinyar, yau kwana 12 shiru. Wannan shirun ya fi kuskuren yi min ciwo, don maki biyu ta rasa a gwajin makaranta, amma wani yaron a ɗakin WAEC zai rubuta ƙanƙarar nan. Tauraro biyu na ba su. Ni ina nan ina duba Turancin yau da gobe da ita, ƙanwata kuwa na hana ta taɓa ta a kan kimiyya, ta koma littafinta.