Makita 2012NB: injin filena da nake ba mai ƙaramin shagon gida shawara ya saya

Masu tambayata wane injin filena za su saya, wanda ake zura katako ta baki ɗaya ya fito ta ɗayan da kauri daidai, amsata ba ta canzawa, in a gida kake aiki ba babban shago ba to ka nemi Makita 2012NB. Ba don ya fi kowa kyau ba, a'a, don shi ne in wani abu ya lalace za ka iya gyarawa ka ci gaba da aiki.

Faɗin da yake ɗauka inci 12 ne, wato milimita (mil) 304, kauri kuma har mil 155, motarsa wat 1650, nauyinsa wajen kilo 28, mutum ɗaya zai iya ɗaga shi ya ɗora a benci duk da dai bayanka zai gaya maka. Wuƙaƙe biyu gare shi masu baki biyu, in gefe ɗaya ya dakushe sai ka juya, in ɗayan ma ya mutu ka sa sabo, ba a wasa su, kuma a nan ne wasu kafintoci ke jin haushi don sun saba kai wuƙa wajen mai wasawa. Ni dai na fi son haka, wuƙar tana da ramukan da take zama a kai, ba sai ka ɓata rabin yini kana saiti ba.

Toh maganar DeWalt DW735 da kowa ke gani a YouTube yana yabo. Gaskiya inji ne, inci 13, wuƙa uku, gudu biyu, har da fanka a ciki mai feso dusar katako waje, kuma fuskar da yake bayarwa ta fi ta Makita santsi, wannan ba gardama. Amma yawancin wanda ke shigo mana na hannu daga Amurka ne, wuta 120 yake sha, mu kuma namu 230, sai ka nemi babbar taransifoma don amp 15 yake ja ba wasa ba, ga nauyin kilo 40 da ɗoriya, ga shi ranar da bel ko rola ta tafi sai ka jira wani ya taho maka da ita daga waje. In dole sai DeWalt kake so gara DW733, shi akwai na wuta 230 kuma wuƙarsa ana wasawa.

Abin da ke kashe irin waɗannan injina ba yawan aiki ba ne kawai, wuta ce. Motar mai burushin kabon ce irin ta giranda, in wuta ta yi ƙasa kana tura mata katako mai faɗi za ka ji muryarta ta canza, to wallahi ka tsaya, zafi take ɗauka. Ƙaramin janareto ma kada ka fara, ka nemi kVA 3 zuwa sama. Sannan mil 3 ɗin da ake cewa Makitar yana ci a zuwa ɗaya, a siririn katako ne, in kana da faffaɗan madaci ko iroko ka riƙa cin mil 1 ko ƙasa, ka zura sau da yawa, ba tsere ake ba. Iroko ma yana da wani farin abu kamar dutse a cikinsa mai dakusar da wuƙa nan take, ga ƙurarsa mai shaƙe ƙirji, ka rufe hancinka. Katakon da ka ɗauko a 'yan katako ya kwana a ƙasa, ka goge yashi ka duba ƙusa kafin ya shiga, ƙusa ɗaya ta ishi wuƙa ta riƙa bar maka layi a kowane allo.

Kan Makitar, wato sashen da wuƙaƙe suke, yana kulle kansa da kansa, shi ya sa ɗan ramin nan da filena ke ci a farko da ƙarshen katako bai cika yawa ba, amma dogon allo sai ka tallafe shi ta baya in ba haka ba zai ci. Kuma kada wani ya ruɗe ka, katakon da ya murɗe a murɗe zai fito, kauri kawai yake daidaitawa, sai ka fara miƙar da fuska ɗaya.

Inda bai burge ni ba, kuɗinsa ya fi na sa'o'insa 'yan Chaina nesa, murfin da ke tara dusa sau da yawa daban ake sayar da shi, kuma ƙara yana da ita duk da ana cewa ya fi sauran sauƙi, maƙwabta za su san ka fara aiki. In za ka saya na hannu ka kunna shi a gabanka da katako, ka taɓa rolar ka ji ko robar ta bushe ta tsage, ka leƙa farantin jikinsa ka ga 220 zuwa 240 a rubuce, kuma ka tambayi mai shagon ko yana da wuƙa da bel da burushi kafin ka miƙa kuɗi.