Shekara guda da injin CNC a shagona na Sabon Gari

Ni kafinta ne, gadaje da kabad nake yi. Jita kuwa sha'awa ce da ta kama ni tun ina gyara wa 'yan kiɗan coci na Wusasa da Sabon Gari nasu idan wuya ya karkace. Bara na sayo ƙaramin injin sassaƙa na CNC, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa, ƙirar China, mai girman da ake kira 6040, wato teburinsa santimita 60 ne a tsayi, 40 a faɗi. Zuwa yanzu jita uku da bes ɗaya, wato jita mai kaurin murya, na fitar da shi.

Wanda ke hangen ɗan ƙaramin nan 3018 saboda arha, ya haƙura. Santimita 30 da 18 ba za su ɗauki gangar jikin jita ba, sai dai ka yi ta rubuta sunaye a allo.

Inda injin ya biya ni kuɗina shi ne allon wuya. A jita irin ta kamfanin Fender, tsawon tsirkiya inci 25.5 ne, milimita 648. Kana raba wannan tsawo da 17.817, abin da ya fito shi ne tazarar firet na farko daga saman wuya, milimita 36.4; firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a allon wuya. Ka cire shi, ka sake raba ragowar, haka har ƙarshe, kuma firet na 12 dole ya faɗa daidai tsakiya, a 324. Da can da zarto da rula nake yi, ina gumi, kuskuren rabin milimita a can ƙasan wuya ya isa mai kunne ya ce maka kiɗan bai zauna ba. Yanzu injin na tsaga layukan nan ashirin da ɗaya kafin in gama shan shayi. Sai dai haƙorin da ke wannan aikin siriri ne kamar allura, milimita 0.6. Guda huɗu na karya a makon farko kafin na koyi shigar da shi kaɗan-kaɗan. Haka ramin da wuya ke zama a ciki, tun da Leo Fender ya yi nasa wuyan na ɗaurawa da sukur ne: injin ya fitar min da shi cif, na ɗaga jikin da wuyan ba sukur, bai faɗo ba.

Bes ce ta nuna min iyakarsa. Tsirkiyarta inci 34 ce, milimita 864, wuyanta ya fi teburin tsawo nesa ba kusa ba. Dole na huda ramuka biyu na kafa turaku, in sassaƙa rabi, in zare katakon in tura gaba, in yi sauran. A mahaɗar sai da ɗan tudu ya fito, na bi shi da samfefa. Mai niyyar yin bes da yawa ya nemi injin da tsawonsa ya kai mita ɗaya.

Ga abin da ya ƙona min rai. Injin ya zo babu makunnan da ke sanar da shi inda ya faro. Ina tsakiyar ramin wuya aka ɗauke wuta. Da ta dawo, ya manta inda yake, na saita da ido, ya ci milimita biyu a gefe. Madacin da na yi wata biyu ina lallaɓawa ya koma abin ɗora tukunyar gam. Daga baya na sa makunnan da kaina, tun da manhajar GRBL da ke tuƙa shi ta san da su, na kuma haɗa kwamfutar da injin a infata. Takardar bayanin da ta zo da shi shafi huɗu ce, ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Ƙura kuwa, sai ka ga shagon kamar an yi hazo. Garin madaci ɗaci ne da shi har maƙogwaro, ba na kunna injin sai da takunkumi.

Akwai abin da ba laifin inji ba ne amma gara a sani. Jitata ta biyu da damina na sayi katakonta. Dattijon da ke sayar min ya ce, "Malam, wannan bai gama bushewa ba, ka bar shi ya sha hunturu." Na ce, "Baba, inji ne zai yanka, ba matsala." Disamba na yi, allon ya tsuke, bakunan firet suka leƙo ta gefe suna yankar yatsa. Mai ita ya dawo min da ita, na zauna da magagari ina goge su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wuyan ma har yau da hannu nake ƙarasawa. Injin na fitar da siffar, amma sai na riƙe, na goge, na sake riƙewa, kafin tafin hannuna ya yarda. Koyon zane a manhajar FreeCAD ya ci min wata uku, wani ɗalibin injiniya daga Samaru ne ya riƙa zuwa ran Asabar yana nuna min.

Zan sake saye? Ƙwarai, amma babba. Katakon bes ta biyu yana jingine a bayan shago tun Nuwamba, ba zan taɓa shi ba sai Maris.