Motar biki: ka gyara da kanka ko ka kai wa bakanike?

Angwaye da abokansu sun dame ni da tambaya ɗaya: biki ya matso, mota tana tari, a kwance ta a gida ko a kai gareji?

Ta fuskar kuɗi, gyaran gida ya fi sauƙi, musamman ga wanda lefe ya riga ya tatse. Canjin baƙin mai, filogi, matatar iska da wanke kan batir duk aikin safiyar Asabar ne. Kuɗin aiki ya zauna a aljihunka, sai dai idan ba ka da sifana da jak, sayensu zai cinye ribar.

Wajen sayen kaya kuwa bakanike ya fi ka ido. Ka shiga Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, kai kaɗai, ba lallai ka bambance na Beljiyam mai lafiya da wanda aka wanke aka shafa wa mai ba. Shi da ya riƙa zai gane, ko da yake wani zai ɗora nasa a kan farashin.

Lokaci fa? A gareji akwai "dawo gobe", goben da kan kai mako. A gida kuma ƙusa ɗaya ta karye, aiki ya tsaya.

Birki, giya da wayarin ban yarda a koyi gyaransu a motar da za ta ɗauko gwaggonnin amarya daga Zariya ba.

Wanda ya saba da sifana, matsalar motarsa ƙarama ce, kuma yana da sauran makonni, ya yi da kansa. Wanda motarsa za ta hau babban titi cike da 'yan kai amarya, ya kai gareji tun yanzu, ya tsaya a kan aikin.