Boyden ko spheroid, wane gwaji ya fi nuna yadda ciwon daji (kansa) ke kutsawa cikin naman jiki?

Gwajin Boyden da ya samo asali tun 1962 sauƙi gare shi gaskiya, a shafa Matrigel (wani abu mai kauri kamar jeli da ke kwaikwayon abin da ke kewaye da ƙwayoyin jiki) kan 'yar rariya mai ƙananan huji, a zuba ƙwayoyin kansa a sama, abincinsu a ƙasa, bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙirga waɗanda suka ratsa. Matsalar dai lamba kawai za ka samu, ba ka ga yadda suka bi ba.

Shi kuwa spheroid dunƙule ƙwayoyin ake yi a binne cikin kolajin (furotin da ke riƙe naman jiki), kullum kana kallonsu a maikiroskop suna kutsawa, wasu su kaɗai wasu a ayari, kusan yadda suke yi a jikin mutum. Yana cin lokaci, awon ma da wahala, amma ni dai shi na fi yarda da shi.